Furuci da Ji: Wasula da Baƙaƙen Faransanci da Jamusanci

0. Gabatarwa

Duk wanda ya ajiye jadawalin ƙwayoyin sautin Faransanci kusa da na Jamusanci zai ga kama mai yawa. Harsunan biyu suna da /p t k/ da /b d g/, suna da wasulan gaba masu kewayar leɓe /y ø œ/, kuma a daidaitaccen kari dukansu suna furta /r/ a beli. Wannan kama takan sa malami ya ɗauka cewa wanda ya ƙware a furucin Faransanci ya riga ya yi rabin aikin koyon Jamusanci.

A wannan maƙala za mu nuna cewa alama ɗaya a rubutun furuci ba ta tabbatar da sauti ɗaya ba. Kowane harshe yana da hanyar da yake bi ya raba ƙwayoyin sautinsa a baki, yana kuma da manunan da kunnen mai harshen ya saba dogara da su. Da “manuni” muna nufin wata siffa ta amo, kamar tsawo ko huci, wadda mai sauraro ke kamawa ya gane sautin da aka furta. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin ɗalibanmu ta ƙofar Faransanci suka shiga ilimin furuci. Idan ba a kula ba, kunnen Faransanci shi ne zai zama ma'aunin da suke auna kowane harshe da shi, har ma da Hausa.

1. Daga baki zuwa kunne

Tun daga aikin Gunnar Fant na 1960, ana bayyana furuci a matsayin aiki mai mataki biyu. Iskar huhu tana kaɗa tantanin maƙwallato, wannan kaɗawar ita ce ziza. Daga nan kogon maƙoshi da na baki, wani lokaci da na hanci, suna tace amon: su ƙarfafa wani sashe, su raunana wani. Sassan da aka ƙarfafa za mu kira su zangunan amo, kuma ana rubuta su F1, F2, F3. F1 yana hawa gwargwadon buɗewar baki, F2 kuma yana hawa idan harshe ya matso gaba. A muryar namiji, [i] yana da F1 kusa da 300 Hz da F2 sama da 2000 Hz, [u] yana da F1 irin wannan amma F2 ƙasa da 1000 Hz, shi kuwa [a] F1 ɗinsa yana kusa da 700 Hz. Turo leɓɓa gaba yana ƙara wa bututun furuci tsawo, saboda haka yana saukar da F2 da F3.

Dangane da baƙaƙe ƴan tsayau, ma'aunin da ya fi amfani shi ne wanda Lisker da Abramson suka gabatar a 1964 bayan sun auna harsuna 11. Ana auna lokacin da ke tsakanin buɗe gaɓoɓin furuci da fara ziza. Za mu kira shi tazarar fara ziza. Ziza tana iya farawa kafin buɗewa, ko daf da ita, ko bayanta da ɗan jinkiri wanda huci ke cikewa.

Kunne kuwa ba na'urar awo ba ne. A littafinsa na 1939, Trubetzkoy ya kwatanta tsarin sautin harshen uwa da rariya: duk sautin da mutum ya ji sai ya bi ta cikinta. Gwaje-gwajen Liberman da abokan aikinsa na 1957 sun nuna cewa mai sauraro ya fi jin bambanci tsakanin sautuka biyu idan sun faɗa ajin ƙwayoyi daban-daban a harshensa. Werker da Tees (1984) sun gano cewa wannan rariya tana kafuwa da wuri: jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe baƙaƙen baƙon harshe, amma kafin ya cika shekara guda iyawar takan ragu ƙwarai.

2. Wasula

2.1 Faransanci

Bayanin gargajiya yana ba Faransanci wasula 16: guda 12 na baki, idan an haɗa da [ə], da 4 na hanci. Abubuwa huɗu ne ke raba su: tsayin harshe, matsayinsa a gaba ko a ƙurya, kewayar leɓe, da matsayin hanɗa.

(1) vie [vi] ‘rayuwa’, vu [vy] ‘wanda aka gani’, vous [vu] ‘ku’
(2) fée [fe] ‘aljana’, feu [fø] ‘wuta’, faux [fo] ‘na ƙarya’
(3) père [pɛʁ] ‘uba’, peur [pœʁ] ‘tsoro’, port [pɔʁ] ‘tashar jirgin ruwa’
(4) paix/pain ‘zaman lafiya/burodi’, bas/banc ‘ƙasa/benci’, beau/bon ‘kyakkyawa/nagari’

A misalai na (4), hanɗa ce ke sauka iska ta bi ta hanci da baki a lokaci guda. Sai dai harshe da leɓɓa su ma suna gusawa. A karin Faris, wasalin pain ya fi kusa da [æ̃], na banc ya fi kusa da [ɒ̃], na bon kuma da [õ]. Ke nan wasalin hanci ba wasalin baki ne kawai da aka ƙara masa hanci ba.

Adadin 16 ɗin nan ya daɗe da raguwa a bakin mutane da yawa. André Martinet ya yi bincike a 1941 a tsakanin hafsoshin Faransa da aka tsare tare da shi a sansanin fursunonin yaƙi, ya buga sakamakon a 1945, kuma tun a lokacin an ga cewa furuci ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A yau yawancin mutanen Faris ba su raba patte da pâte ba, haka ma brin da brun.

Abin lura a nan shi ne tsawon wasali ba ya raba ma'ana a daidaitaccen Faransancin Faransa. Wasali yakan tsawaita a gaɓar ƙarshe idan [ʁ z ʒ v] suka biyo shi, kamar a vise idan an kwatanta da vite, amma muhalli ne ke jawo haka. Bambancin tsawo tsakanin maître da mettre ya rage ne a wasu kare-kare, kamar na Beljiyam da Suwizalan da Kebek.

2.2 Jamusanci

Daidaitaccen Jamusanci yana da tilon wasali 15 a gaɓa mai ƙarfi, da wasula biyu marasa ƙarfi [ə] da [ɐ], da tagwan wasali uku /aɪ aʊ ɔʏ/. Guda 14 daga cikin 15 ɗin suna tafiya bibbiyu, dogo da gajere:

(5) Miete [iː] ‘kuɗin haya’, Mitte [ɪ] ‘tsakiya’
(6) Hüte [yː] ‘huluna’, Hütte [ʏ] ‘bukka’
(7) beten [eː] ‘yin addu'a’, Betten [ɛ] ‘gadaje’
(8) Höhle [øː] ‘kogo’, Hölle [œ] ‘jahannama’
(9) Ofen [oː] ‘murhu’, offen [ɔ] ‘a buɗe’
(10) Ruhm [uː] ‘shahara’, Rum [ʊ] ‘wata barasa’
(11) Staat [aː] ‘ƙasa’, Stadt [a] ‘birni’

Na 15 shi ne [ɛː] na Käse ‘cuku’, wanda mutanen arewacin Jamus sukan furta shi [eː]. A misalai na (5) zuwa (10) abubuwa biyu ne ke canzawa tare. Dogon wasali ya fi ɗagawa, kuma ya fi kusantar gefen filin wasula. Gajeren ya fi buɗewa, ya karkata zuwa tsakiya. A misali na (11) kuwa siffar wasulan biyu kusan ɗaya ce, tsawo ne ke ɗauke da nauyin bambancin, kuma a furucin natsuwa dogon yakan kusan ninka gajeren.

Jamusanci ba shi da wasulan hanci a kalmominsa na asali. Idan ya ari kalmar Faransanci, sau da yawa yakan warware wasalin hanci zuwa wasali da baƙi: Balkon ana jinta [balkɔŋ] a arewa, [balkoːn] a kudu.

2.3 Yadda kowane kunne ke jin ɗaya harshen

Mai kunnen Faransanci ya saba sauraren siffar wasali, watau zangunan amo, ya yi watsi da tsawo. Wannan ɗabi'a tana jefa shi cikin kuskure iri biyu. Na farko, Staat da Stadt sukan zame masa kalma ɗaya. Na biyu, ko a inda siffa ta bambanta, yakan ajiye wasalin a gurbin da ba nasa ba. [ɪ] na Mitte ya fi kusa da [e] na Faransanci a amo, [ʏ] na Hütte ya fi kusa da [ø], [ʊ] kuma da [o]. A lokaci guda [eː] da [oː] na Jamusanci suna da tsayi sosai, har sukan kusanci [i] da [u]. Sakamakon haka, bieten ‘miƙawa’ da beten da bitten ‘roƙo’ suna iya cakuɗe masa, alhali Bajamushe yana raba su cikin sauƙi saboda yana haɗa tsawo da siffa.

Shi ma Bajamushe yana da tasa matsala. Ya saba cewa rufaffen wasali dogo ne, saboda haka idan zai ce vite ko dai ya ja wasalin ya zama [iː], ko ya gajarta shi ya sassauta zuwa [ɪ]. Faransanci kuwa yana buƙatar [i] gajere kuma matsattse. Ya kuma saba raunana wasulan gaɓoɓi marasa ƙarfi, abin da Faransanci ba ya yi: a kalmar fatalité kowane wasali yana riƙe da siffarsa. Pierre Delattre ya yi bayanin irin waɗannan bambance-bambance a littafinsa na 1965 da ya kwatanta Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci.

3. Baƙaƙe

3.1 Ƴan tsayau a farkon kalma

A nan ne kamar jadawali ta fi yaudara. Mu dubi kalmomi huɗu:

(12) Faransanci doux ‘mai laushi’: ziza tana farawa kafin buɗewa, sau da yawa da kimanin milisakan 100
(13) Faransanci tout ‘duka’: ziza tana biyo buɗewa da ɗan jinkiri kaɗan, babu huci sosai
(14) Jamusanci du ‘kai, ke’: ziza tana farawa daf da buɗewa, sau da yawa babu ziza yayin rufewa
(15) Jamusanci tu ‘yi!’: jinkiri mai tsawo, yawanci sama da milisakan 50, da huci bayyananne

Idan muka jera su a kan ma'auni ɗaya, za mu ga Faransanci ya kafa iyakarsa tsakanin (12) da (13), Jamusanci kuma tsakanin (14) da (15). Abin mamaki shi ne (13) da (14) sun faɗa yanki guda. Ma'ana, /d/ na Jamusanci a farkon furuci ya fi kama da /t/ na Faransanci fiye da /d/ na Faransanci. Haka abin yake ga /b/ da /p/, da kuma /g/ da /k/. Dalilin ke nan da ya sa masana da yawa, ciki har da Michael Jessen a littafinsa na 1998, ba su ɗauki ziza a matsayin ginshiƙin wannan bambanci a Jamusanci ba.

Faransawa sun daɗe da jin wannan abu tun kafin a sami na'urar auna shi. A ƙarni na 19, lokacin da Balzac yake rubuta maganar Nucingen, attajirin da ke magana da karin Alsas, ya riƙa musanya p da b, t da d. Wannan rubutu shaida ce ta abin da kunnen Bafaranshe ke ji daga bakin da ya saba da harshe irin na Jamusanci.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata a kiyaye. Bayan [ʃ], kamar a Spiel ‘wasa’ da Stein ‘dutse’, /p t/ na Jamusanci ba su da huci. Tsakanin wasula kuma, kamar a leiden ‘shan wahala’, /b d g/ sukan sami ziza. Ban da wannan, gurbin furuci ma ya bambanta: Bafaranshe yana kai tsinin harshe ga haƙoran sama idan zai furta /t d/, Bajamushe kuwa ga hanƙa.

3.2 Ƙarshen kalma

Faransanci yana riƙe bambancin ziza har ƙarshen kalma: vide ‘wofi’ da vite ‘da sauri’, bague ‘zobe’ da bac ‘kwale-kwalen fito’. Ana buɗe baƙin ƙarshe a fili, kuma wasalin da ke gaban mai ziza ya ɗan fi tsawo. Jamusanci kuwa yana kashe zizar ƴan tsayau da zuzau a ƙarshen gaɓa. Rad ‘taya’ da Rat ‘shawara’ duka ana furta su [ʁaːt], sai a jam'i bambancin ke komowa: Räder da Räte. Port da O'Dell (1985) sun ba da rahoton cewa akwai ɗan bambancin tsawo da ke saura tsakanin irin waɗannan kalmomi. An yi ta muhawara a kan ko rubutu ne ke jawo shi a lokacin gwaji. Ko ma yaya ne, ragowar ba ta kai manunin da za a dogara da shi a zancen yau da kullum ba. Bajamushe mai koyon Faransanci yakan ɗauko wannan doka, sai vide ta koma vite a bakinsa.

3.3 Iyakar kalma

Faransanci yana ɗinke kalmomi. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya zama farkon gaɓar da ke biye, kamar a avec elle [a.vɛ.kɛl], har ma baƙin da ba a furtawa yakan fito, kamar a les amis [le.za.mi]. Jamusanci, musamman na arewa, yana yin akasin haka: yana sa hamza [ʔ] a gaban wasalin da ya buɗe kalma ko saiwa. Wanda ya ɗinke vereisen [fɛɐʔaɪzn̩] ‘daskarewa’ irin na Faransanci zai fitar da abin da ya yi kama da verreisen ‘yin tafiya’.

Haka kuma Jamusanci yana da ƙwayar sauti /h/, wadda Faransanci ba shi da ita sai a rubuce. Ga Bafaranshe, Hund ‘kare’ da und ‘da’, ko heiß ‘mai zafi’ da Eis ‘ƙanƙara’, sun bambanta ne da wani abu da rariyarsa ba ta saba tarewa ba.

3.4 Zuzau da /r/

Abin da ake rubutawa ch a Jamusanci yana da takwarori biyu: baganɗe [ç] bayan wasalin gaba ko baƙi, kamar a ich ‘ni’ da Milch ‘madara’, da bahanɗe [x] bayan wasalin ƙurya ko [a], kamar a Buch ‘littafi’ da Bach ‘ƙorama’. Faransanci ba shi da ko ɗaya a matsayin ƙwayar sauti, saboda haka [ç] yakan faɗa ajin [ʃ], sai Kirche ‘majami'a’ ta zama Kirsche, sunan wani ɗan itace.

Game da /r/ kuwa, harsunan sun yi tarayya a farkon gaɓa, sun rabu a ƙarshenta. Faransanci yana furta shi a pur da père. Jamusanci yana mayar da shi wasali [ɐ]: Uhr [uːɐ] ‘agogo’, Vater [faːtɐ] ‘uba’. Saboda haka bambancin bitte ‘don Allah’ da bitter ‘mai ɗaci’ bambanci ne tsakanin wasula biyu marasa ƙarfi, [ə] da [ɐ], ba batun kasancewar baƙi ko rashinsa ba.

4. Mai jin Hausa a tsakanin harsunan biyu

Kalmomin aro suna nuna yadda rariyar Hausa ta tace Faransanci. Bureau ta zama biro, inda [y] ya koma [i], watau an riƙe matsayin harshe an saki kewayar leɓe. Courant ta zama kuran, inda wasalin hanci ya warware zuwa wasali da baƙi, daidai da abin da Jamusanci ya yi wa Balkon. Wasulan gaba masu kewaya ɗalibi a makaranta yake koyonsu, kuma wanda ya kama su a Faransanci zai amfana da su a Jamusanci.

Akwai kuma inda Hausa ta fi Faransanci kusa da Jamusanci. Tsawon wasali yana raba ma'ana a Hausa, kamar a gàrii ‘birni’ da gàarii na tuwo. Kowace kalmar Hausa da ake rubutawa da wasali a farko da hamza take farawa a furuci. Hausa tana da /h/. Waɗannan abubuwa uku suna cikin waɗanda ke wahalar da Bafaranshe, ɗalibinmu kuwa yana da su tun daga gida. Idan aka koya masa Jamusanci da littafin da aka tsara domin Faransawa, za a ɓata lokaci a kan abin da ya sani, ko kuma ya riƙa ɗinke kalmomi saboda ya ɗauka haka kowane harshen Turai yake.

Amma tsarin gaɓar Hausa yana sa iyaka ga wannan riba. Dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa a Hausa, dole ya gajarta. Hasashenmu shi ne mai jin Hausa zai raba beten da Betten cikin sauƙi, amma Staat da Stadt, ko Ruhm da Rum, za su fi ba shi wuya a furuci, domin a can dogon wasalin yana cikin rufaffiyar gaɓa. Na biyu, Hausa tana da baƙaƙe masu ruɓi, kamar tt a hatta. A Jamusanci, harafi biyu a Mitte alama ce kawai ta gajartar wasalin da ya gabata, baƙin kansa guda ne. Ana sa ran mai karatun Hausa zai ja baƙin a inda Bajamushe ba ya jansa.

5. Kammalawa

Mun ga cewa Faransanci yana raba wasulansa da siffa da hanci, Jamusanci da siffa da tsawo. Faransanci yana raba ƴan tsayau da ziza, Jamusanci da huci. Faransanci yana ɗinke kalmomi, Jamusanci yana yanke su da hamza. A kowane hali, jadawalin ƙwayoyin sauti bai isa ya nuna mana inda mai koyo zai yi tuntuɓe ba, sai an tambayi wane manuni kunnensa yake bi.

Abu biyu muke ba da shawara. A aji, a fara da sauraro kafin furuci, a jera kalmomi irin na (12) zuwa (15), a sa ɗalibi ya riƙe takarda a gaban baki ya ga wace ke motsa ta. A bincike kuma, hasashe biyun da muka kawo a sashe na 4 suna jiran awo. Manhajar Praat, wadda Boersma da Weenink suka ƙirƙira a Amstadam, kyauta ce, kuma ta isa a auna tsawon wasali da tazarar fara ziza. Ɗalibin da ya naɗi muryar masu jin Hausa goma daga Maradi da Damagaram suna karanta misalai na (5) zuwa (11) zai iya tabbatar da hasashen ko ya rushe shi.